Tayoyin Ranar Alhamis

"Sauko. Ki bar makullin a jiki."

Sha biyu da kwata na rana ne, a lungun bayan wani rufaffen shagon wanki a garin Toledo. Dusar ƙanƙara na zuba tun asuba. Rudell na tsaye kan matakin babbar motar kayan, bakin bindigarsa manne da gilashin direba. Cortez ya gilma tasu motar a gaba ya toshe hanya. Lonnie Tarver kuwa yana can baya, hular sanyi ta rufe masa fuska sai idanu, yana kokawa da sakatar ƙofar kaya. Sakatar lafiyarta lau. Sai a karo na uku ta buɗe masa.

Ya ji muryar direban, sai ya tsaya cak. Yolanda ce. Shekara uku ke nan duk Alhamis tana sauke taya a shagon da yake aiki, ta sha kofinsu, ta yi masa tsiyar tumbi. Ita da bakinta ta ce masa wannan makon hutu za ta yi.

"Taya ce fa kawai a ciki," in ji ta. "Taya."

"Mun sani, madam. Sauko."

Ta sauko hannuwanta a sama. Wayarta ta yi ƙara cikin aljihu, ta kai hannu ba da saninta ba. Rudell bai jira ba — ya ɗaga gindin bindiga ya sauke mata a gefen kai. Ƙafarta ta zame kan ƙanƙara, ƙeyarta ta bugi matakin ƙarfe.

"Kai!" Lonnie ya yunƙura.

"Rufe mana baki. Kwaso kaya."

Ya kwaso. Bibbiyu yake mirgino su, Cortez na cafewa yana jerawa. Minti bakwai suka juye mota guda cikin wata. Rudell na ta duban bakin lungu yana buga ƙafa. Da suka gama Lonnie ya cicciɓi Yolanda ya kwantar da ita kan kujerar motarta, ya ƙara mata na'urar ɗumama. Jini na bin kunnenta. Ta ɗan buɗe ido. Bai yarda ya yi ko tari ba.

"Mu ware!" in ji Cortez.

Suka ware.

Shekararsa goma sha tara a shagon Baba Ozzie Kowalczyk. A da, da zarar sanyi ya ƙarato, layin motoci har bakin titi yake kaiwa. Mutum zai shigo, Baba Ozzie ya fita ya shafa tsohuwar tayarsa, ya tambaye shi inda yake zuwa aiki da yawan 'ya'yan da yake ɗauka, sannan ya zaɓa masa. Yanzu kowa da wayarsa. Yana kwance kan gado zai yi odar taya daga wani kamfanin da bai taɓa ganin ƙofarsa ba, a aiko da ita shagon, su kuma aikinsu ɗaurawa kawai. Wasu ma shigowa suke su sha kofi, su kwashi shawara kyauta, su koma cikin mota su saya a intanet. Tayoyin Baba Ozzie na kan kanta suna tara ƙura. A farkon kaka tsohon ya kira Lonnie ofis, ya kasa haɗa ido da shi, ya ce daga yau kwana uku zai riƙa zuwa a mako.

Rudell ƙanin matar Lonnie ne, Charlene. Ya taɓa zaman gidan yari sau biyu, ya fito da fara'arsa. A wani gidan soya kaji suka haɗu ran Asabar da rana, shi ya saya musu.

"Yaya Lonnie, tsakani da Allah, su wa suka cinye maka kwana biyunka? Ba masu motar nan da ke kawo tayar intanet ba?"

"To sai aka yi yaya?"

"Sai mu ɗan taɓa su. Suna da inshora, ko a jikinsu. Kai dai ka faɗi hanyar da motar ke bi da lokaci. Akwai wani mutumina a Detroit, bayan wata ɗaya ya kwashe duka."

"Ba na son harkar bindiga."

"Ado ne kawai. Ko harsashi ba zan saka ba." Ya tsotsi ƙashi yana dariya. "Ko ka fi so Yaya Charlene ta ci gaba da aiki biyu, kai kana gida kana kallon talabijin?"

Wannan maganar ce ta shige shi.

Ranar fashin, a wani sito da Rudell ya kama haya suka sauke kayan. Lonnie ya cire hular, ya jefa ta kwandon shara, ya ce, "Ka ce ba za a taɓa kowa ba."

"Ita ta kai hannu. Ka koma aiki, lokacin cin abincinka ya kusa ƙarewa. Kada ka kira ni. Ni zan neme ka."

Ɗaya saura biyar ya shiga shago. Mutum shida ya tarar a ɗakin jira, kowa ido kan waya.

"An rubuta min tana kan hanya," wani mai jan gemu yake cewa. "Tun sha biyu take kan hanya."

"To ka tambayi wayar ta ɗaura maka," in ji Baba Ozzie daga bayan kanta. "Lonnie, me ya same ka kake zufa cikin sanyin nan?"

"Sauri na yi, Baba."

Jiniya ta wuce ta bakin titi. Wata ta biyo ta. Lonnie ya shiga ƙarƙashin mota ya kama noti ɗaya yana ta juyawa. Kafin la'asar huɗu daga cikin shidan sun gaji da jira sun sayi tayar kan kanta. Rabon shagon da ciniki irin wannan tun bara, amma tsohon bai yi murna ba. Labari ya iso cewa Yolanda na asibiti, ba ta san wanda ke kanta ba.

Washegari ɗan sandan ciki ya zo, wani siriri mai suna Greer, yana tauna cingam a hankali. Ya zauna kan tulin taya kamar gidansu.

"Wannan lungun ba hanyarta ba ce a takarda," in ji shi. "Yanke take yi don ta iso nan da wuri. Wa ya san haka?"

"Duk wanda ya taɓa shan kofi da ita," in ji Baba Ozzie.

"Kai fa, Malam Tarver? Ina kake da sha biyu?"

"Na je cin abinci."

"A ina?"

"Cikin motata. Sanwici."

"Da sanyin nan." Greer ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu. Ya ajiye katinsa kan kanta. "Kowace taya da lambarta, kamfanin ya ba mu duka. Idan wata ta shigo, a kira ni."

Kwana biyar Lonnie bai zauna wuri ɗaya ba. Ya fito tsakar ɗaki, ya koma kicin, ya buɗe firji ya rufe. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gida sai ya ɗaga labule. Charlene ta ce, "Wai ƙudan zuma ne a wandonka?" Ya ce cikinsa ne. Ya karya umarni ya kira Rudell sau tara. A kashe. Ran Talata ya tuƙa ya je siton, ya leƙa ta ƙasan ƙofa. Ba komai sai sawun taya kan siminti.

Ran Laraba da hantsi wata mata ta tsaya da tsohuwar mota a ƙofar shago, rigar ma'aikatan jinya a jikinta, kujerar jariri a baya. Ta buɗe but ɗin bayan motar. Sabbin tayoyin sanyi huɗu.

"Wane ne Lonnie a nan?"

Yana goge hannu da tsumma. "Ni ne."

"Yauwa, ai na gane ka daga hoton. Sannu da aiki. Ka ce in kawo ka ɗaura min kyauta."

"Ni na ce?"

"A intanet mana. Ba da kai muka yi ciniki ba? Abokin aikinka ya kawo min su wurin ajiye motoci na asibiti, ya ce kai kana shago." Ta miƙo wayar tana murmushi. "Gaskiya ka taimake ni. Rabin kuɗi fa."

Ya duba. Sunansa ne cikakke. Hotonsa ne, wanda aka ɗauka a bikin haihuwar Charlene, an yanke Rudell daga gefe, hannunsa kaɗai ya rage kan kafaɗar Lonnie. A ƙasa an rubuta adireshin shagon Baba Ozzie. An kuma rubuta cewa an sayar da duka.

Babu wani mutumi a Detroit. Tun ranar kajin nan Rudell ya shirya rataya wa Lonnie laifin.

Baba Ozzie ya fito yana jan ƙafa. Ya sa tabarau, ya sunkuya kan tayar farko. An kankare takardar da ke jiki, amma da sauran rabi, da wutsiyar wani suna. Sunan mai jan gemun nan ne. Tsohon ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe sai ya dubi matar.

"'Yata, shiga ki sha kofi. Waɗannan ba za su hau motarki ba. Zan ba ki nawa."

"Amma na riga na biya..."

"Na sani. Ba zan karɓi komai ba. Shiga."

Ta shiga tana waige. Suka rage su biyu, dusar ƙanƙara na sauka kan tayoyin.

"Baba..."

"Kai ka doke ta?"

"A'a. Na rantse."

"Amma kana wurin."

Lonnie ya waiga. Motarsa na nan taku goma, makulli a aljihu. Babban titin kudu bai fi minti shida ba. Ƙafafunsa har sun juya.

"In za ka gudu, gudu," in ji tsohon. "Ba zan iya bin ka ba. In kuma za ka tsaya, matar nan na da aiki ƙarfe biyu, tayarta ta gaba kuma ta cinye har zaren ƙarfen ciki ya fito. Da jariri take yawo a kai."

Ya shiga ofis ya bar ƙofa a buɗe. Lonnie na jin sa yana neman katin Greer cikin tarkace.

Lonnie ya tsaya. Ya shigo da motar matar, ya ɗaga ta, ya zaɓo huɗu daga kan kanta. Ya ɗaura, ya ba su iska, ya daidaita, ya bi kowane noti sau biyu. Yana sauke motar Greer ya tsaya a ƙofa, motoci biyu na bayansa, ba jiniya.

"Malam Tarver."

"Bari in wanke hannu."

"Wanke."

Kafin su kai ofishin 'yan sanda ya faɗi komai: sito, Cortez, gidan budurwar Rudell da ke Kentucky. Cortez a wurin aski aka kama shi, rabin kai a aske, yana rantsuwa shi ma ba a ba shi ko sisi ba. Rudell sai bayan kwana huɗu. 'Yan sanda suka zagaye gidan da safe. Ya dira ta taga ba takalmi, ya ruga cikin gonar masara da aka girbe — suka ce ya tsaya — ya juyo ya ɗaga hannu da bindiga. Ashe da harsashi a ciki. Ya harba ɗaya, suka harba da yawa.

Yolanda ta farfaɗo, amma idon hagu ya tafi, an karɓe mata lasisin tuƙin babbar mota. Ba ta zo kotu ba, takarda ta aiko. Lonnie ya samu shekara tara a gidan yari. Baba Ozzie ya lallaɓa har bazara, ya rasa wanda zai amince wa ya riƙe masa sifana, ya sayar da shagon. Yanzu wayar hannu ake sayarwa a wurin.

Charlene ta binne ƙaninta, ta yi wata biyar ba ta je ganin Lonnie ba. Ranar da ta je, wata Lahadi ce, ta makara har lokacin ziyara ya kusa ƙarewa. Ta zauna a ɗaya gefen gilashin, ta ɗauki wayar. Hannuwanta baƙi ƙirin, farce ɗaya ya karye.

"Me ya sami hannunki?"

"Taya ta fashe min a hanya."

"Wa ya canja miki?"

"Na tsaya bakin titi na ciro waya," in ji ta. "Na daɗe ina kallon ta. Shekara ashirin da biyu da aurenmu ban taɓa tunanin wa ake kira ba." Ta dubi tafin hannunta. "Ni na canja. Awa ɗaya da rabi."

Ya buɗe baki zai tambaye ta ko ta ɗaure notin da kyau. Gandiroba ya taɓa kafaɗarsa ya ce lokaci ya yi.