Akusan Baban Wonho

Ranar da Wonho ya fara shigowa shagon, Narae ta ɗauka ɓatan hanya ya yi. Ga fulawa a girarsa, ga ƙamshin burodi yana bin sa, ya tsaya tsakiyar injinan wanki yana ta waige-waige. Shagon kayan wuta ne babba a garin Jeonju, ita kuwa ta daɗe a ɓangaren injin wanki da na busar da kaya da na wanke-wanke, waɗanda matan gari ke ce wa gwaggonni, don su ke ɗauke wa amarya aikin gida.

Ya ce injin wanke-wanke yake so ya saya wa mahaifiyarsa, a ba shi wanda ya fi kowanne tsada.

Da wata ce, da tuni ta miƙa masa rasit. Narae kuwa sai ta hau shi da tambayoyi. Ya auna gurbin da za a sa shi? Bai auna ba. Ina famfo yake, ta ina ruwan zai fita? Bai sani ba. Tsohuwar tana ganin ƙananan rubutu? Nan ma sai sosa ƙeya.

"Wannan mai tsadar, maɓallansa sun fi na jirgin sama yawa," in ji ta. "Tsohuwa na ganin sa za ta mayar da shi kabad. Ka ɗauki mai maɓalli uku, wanda in ya lalace akwai mai gyara a garin nan, kayan gyaransa kuma ba sai an jira su daga wata uwa duniya ba. Amma fara zuwa ka auno."

Ta miƙa masa tef ɗin awonta. Ya karɓa, sai dai ba tef ɗin yake kallo ba.

Washegari ya dawo da awo. Kwana biyu ya sake dawowa, wai ya manta bai auna tsayi ba. Daga nan ya zo da burodi mai jan wake da zafinsa daga gidan burodin da yake aiki, wai tef ya zo mayarwa, tef ɗin kuma ya baro shi gida. Dusik, abokin aikinta na ɓangaren firji, wanda shi ma ya jima yana yi mata shawagi, ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin kicin ɗin da ake aunawa mako guda ba.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Malama Awo, na auna kicin, na auna ƙofa, na auna lifta. Saura zuciyarki. Akwai gurbin mai burodi guda ɗaya a ciki? Ba ya ƙara, ba ya shan wuta da yawa."

Narae ta karanta, ta kife wayar, ta sake ɗauka ta karanta. Sannan ta rubuta: "Sai na ga yadda yake aiki tukuna. Garantin shekara nawa ne?"

"Na har abada. Mai gyara kuma yana garin nan."

Shi ke nan, aikin gama ya gama. Kafin damina ta ɗauke, ta daina ce masa malam ta koma Yaya, shi kuwa Malama Awo ta zauna a bakinsa daram. In ta tashi aiki yana bakin ƙofa da leda, su taka har bakin rafi suna ci suna gardamar wa ya fara son wani.

An kai inji gidansu Wonho, ya shige gurbinsa cif. Sai dai mahaifiyarsa, Sunja, ba ta ko kalle shi ba. Mace ce da ta yi imani kwanon da hannu bai cuɗa ba bai wanku ba. Tun rasuwar mijinta daga ita sai ɗan nan, kuma ko wuyan hannunta na ciwo ba ta yarda a taya ta. Injin ya zama ma'ajiyar busasshen ganyen teku da murafan tukwane.

Ana nan sai ranar tunawa da marigayi baban Wonho ta zagayo. Dangi suka hallara, aka jera masa abinci a akusansa na katako, masu jan sheƙi, waɗanda ya gada wurin nasa uban, ba a fito da su sai irin wannan rana. Da aka watse, Sunja ta ɗan kishingiɗa don bayanta ya sake. Wonho ya dubi tulin wanke-wanke, ya dubi inji, ya ce yau Umma za ta ga aiki da cikawa. Ya kwashe ganyen teku, ya jera akusan nan kaf, ya danna maɓallin ruwa mai zafi.

Namiji in ya tashi yin abin kirki a ɓoye, a ji tsoro.

Da ya buɗe, sheƙin ya ɗaye, katakon ya yi fari fat, biyu sun tsage har gindi. Da Sunja ta yi faɗa ma da da sauƙi. Zama ta yi a ƙasa tana shafa su ɗaya bayan ɗaya, can ta ce ya kawar mata da su daga gabanta.

A makon nan kuwa ya shirya gaya mata zancen aure. Ya daure ya faɗa bayan kwanaki, don bai iya riƙe magana ba.

"Yarinyar da ta sayar maka da akwatin can?" in ji ta. "Wadda sana'arta koya wa mata ƙin taɓa ruwa? Ba ta shigo ba ma ta cinye min abin da ubanka ya bari. Ina raye ba za ta zuba masa ko ruwa ba."

Wonho ya kawo wa Narae akusan a kwali, ya gaya mata komai a bayan shago. Ya rantse laifinsa ne, har a ɗan littafin injin an rubuta ban da katako, shi ne bai karanta ba. Ita dai ta leƙa kwalin, hawaye suka zubo mata.

"Na tambaye ka ƙofa, na tambaye ka famfo," ta ce. "Ban tambaye ka a me kuke cin abinci ba. Ita ce tambayar farko da ya kamata in yi, Yaya."

Ta ce ya bar mata kwalin. Bai tambayi dalili ba, don shi ma kunyar kallon sa yake ji.

Ranar hutunta ta nufi Namwon, garin masassaƙa akushi, ta lalubo wani tsoho da ke shafa musu ot, ƙaron itacen da ke ba su sheƙi. Tsohon ya jujjuya su ya ce mai yiwuwa su gyaru, amma shafi ne bisa shafi, kowanne sai ya bushe a goge a sake, ga shi aiki ya yi masa yawa. Ba za su samu kafin bikin kaka ba, lokacin da za a sake buƙatar su, sai fa in akwai mai taya shi guga. Narae ta naɗe hannun riga. Ya gargaɗe ta cewa ɗanyen ot ba ya raga wa baƙo, ta ce ta ji.

Ba ta gaya wa Wonho ba, gudun kada ta sa masa rai abin ya ƙi. Dusik, da yake iyayensa a Namwon suke, shi ke rage mata hanya. Tun a tafiyar farko ya gwada sa'arsa, ta gaya masa gaskiya ba kwana-kwana. Da suka wuce gada ya ce ba komai, shi mai firji ne, ya saba da sanyi.

Ot kuwa ya cika alkawari. Ƙuraje suka feso mata daga wuyan hannu har gwiwar hannu, ƙaiƙayi ba dare ba rana, fuska ta kumbura har idanu suka koma 'yan tsaga. Ta koma aiki da takunkumi da doguwar riga. Wace budurwa ce za ta bari saurayi ya gan ta haka? Duk ya ce zai zo, sai ta ƙirƙiro uzuri. Har wata safiya ya hango ta daga nesa tana shiga motar Dusik, fuska a rufe.

"Malama Awo, na gan ki a motar mai firji. In canza ni kika yi, ki gaya min da bakinki. Na san Umma ta ɓata miki rai, amma ni ban gaji ba, ba kuma zan gaji ba."

Ta karanta tana kuka tana dariya tana susa. Ta ji tausayinsa har cikin ranta, ta kuma ji daɗi, ba za a ɓoye ba.

"Yaya, ba a canza kayan da ke aiki lafiya. Ka ba ni zuwa jajibirin bikin kaka. Kada ka tambaye ni komai."

"To, ranki ya daɗe. Amma ki sani burodina duk ƙonewa yake yi."

Ran jajibiri da hantsi ta ƙwanƙwasa ƙofarsu, rungume da ƙunshi a cikin ƙyalle. Gidan ya cika da ƙamshin suya. Sunja ce ta buɗe, ta dube ta sama da ƙasa, ba ta ce shigo ba, ba ta kuma rufe ba. Narae ta cire takalmi, ta durƙusa, ta kwance ƙunshin. Akusa suka bayyana, ja wur, suna ɗaukar ido.

"Sababbi kika sayo?" in ji Sunja, murya a bushe. "Kwashe abinki. Ba na kanti nake nema ba."

"Su ne, Mama. Duba nan."

Ta juya ɗaya, ta nuna mata siririn layin da tsagar ta bari. Sunja ta ɗauka ta kai bakin taga. Ta daɗe a tsaye tana bin layin da ɗan yatsa. Da ta juyo, idonta ya sauka kan wuyan hannun yarinyar. Ta matso, ta ja hannun rigar sama ba tare da neman izini ba, sannan ta janye takunkumin.

Wonho, da ya fito daga kicin da ludayi, ya daskare.

"Ke da hannunki kika yi?" Sunja ta tambaya.

Narae ta gyaɗa kai, ta ce a yafe mata, ita ta sayar da inji ba ta tambayi abin da ke gidan ba. Sunja ta zauna kusa da ita. Ta ce ba katakon ta yi wa kuka ba. Wanke akusan nan da goge su shi kaɗai ya rage da take iya yi wa mijinta da hannunta, ta kuma ɗauka babu wanda zai gane haka a 'ya'yan yanzu.

Sai ta share ido, ta sake duban fuskar nan mai kumburi, ta ce, "To wannan fuskar ce ɗana yake ƙona wa burodin mutane?" Dariya ta ƙwace wa Narae. Sunja ta jiƙa tawul da ruwan sanyi ta ɗora mata, ta ɗaka wa ɗanta duka a gadon baya don ya tsaya yana kallo baki buɗe.

"Yau ba za ta taɓa ruwa ba. Kai, kwashe farantan can ka zuba a akwatinka." Ya juya zai tafi, ta ƙara da cewa, "Farantai na ce."

Washegari, ranar biki, Narae ce ta miƙa wa Sunja akusan ɗaya bayan ɗaya tana jera wa marigayi abinci.

Kayan wutar ɗakin amarya, dangin amarya ke saye, kowa ya sani. Amma ranar da Narae ta kawo iyayenta shagon, sai ga Sunja da jakarta, wai wucewa ta zo yi. Ba ta wuce ba. Ta buɗe ƙofar kowane injin wanki ta rufe don ta ji ƙwarinta, ta sa aka kunna na busar da kaya ta kara kunne, ta tambayi wanne ne ke tafasa tsumma, don ita tsumman da bai tafasa ba ba ta yarda da shi. Har tambayar Dusik ta yi ina mai gyara yake zaune.

Da aka zo kan injin wanke-wanke, Narae ta nuna ƙarami, na mutum shida, ta ce su biyu ya ishe su har da rara. Sunja ta dafa babban, na mutum goma sha biyu, ta ce wannan. Narae ta fara bayanin gurbi da wuta, Wonho ya taka mata ƙafa a hankali. Da Narae ta je ta auna kicin ɗin gidan da za su zauna, ashe tsohuwar ta riga ta aunawa.

Aka ɗaura aure da bazara, fuskar amarya ta koma sumul, har ango ya kasa karanta alkawarinsa daidai. Dusik ya ci abinci faranti uku, ya ce haƙƙin man motarsa yake fanshewa.

Bayan taro aka shiga ƙaramin ɗaki don gaida iyayen ango. Amarya da ango suka rusuna har ƙasa, suka ware farin ƙyalle a tsakaninsu, don uwar miji ta jefa musu busasshiyar magarya, yawan abin da suka cafe yawan zuriyar da ake yi musu fata. Wasu uwayen 'yan ƙwaya kaɗan suke jefawa. Sunja ta cika hannu biyu ta watsa, ta sake cikawa, har magarya na gangarawa ƙarƙashin tebur.

"Mama, ya isa haka," Narae ta ce, kunya ta rufe ta.

"Na mutum goma sha biyu muka saya," in ji Sunja. "Ni ce ta uku. Sauran ku cike."

Ɗakin ya kaure da dariya. Ta jira aka lafa, sannan ta kamo hannun amarya ta haɗa da na ɗanta, ta riƙe su gam. Ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da ɗorewa, ya sa su tsufa tare, kada ɗaya ya riga ɗaya da nisa. Muryarta ta ɗan karye a nan, Narae ta matse hannunta.

"Amin, Umma," ta ce. Sunja ba ta gyara mata ba.