Tukunyar Inna Lantana

Ranar da Surajo ya fara ganin Ikilima, ko ɗaga ido ba ta yi ba. Tana zaune a tashar Gwagwalada da robar cuku a gabanta, barci na fizgarta. Shi kuma direban tasi ne, ya dawo daga Area One ta cikin Abuja jiki duk ya mutu. Ya sayi guda biyu ya cinye a tsaye, ya ƙara biyu. Kafin wata ya ƙare, kowa a tashar ya san ba yunwa ke kawo shi ba.

Ya tura mata saƙo: "Madarata, hanya ta gajiyar da ni, amma ban gaji da ke ba."

Ta amsa: "Ni kam har da kai na gaji. In da gaske kake, zo Paikon Kore ka ga Inna."

Inna Lantana, mahaifiyarta, shekara ashirin tana yin cuku. Mijinta ya shiga Abuja neman aikin gini tun Ikilima na goye, har yau bai waiwayo ba. Shi ya sa ba ta ƙaunar namiji mai rawar ƙafa.

"Direba?" ta ce da Surajo ranar da ya je. "Yaro, ba na ba da 'yata ga wanda bai iya zama ba. Ga madara, ga wuta. Yi min cuku."

Aikin ba wuya a baki. A tace sabuwar madara, a ɗora a ƙaramar wuta, a daka ganyen tumfafiya a zuba ruwansa kaɗan, sai a jira ta kama. Jiran ne ya gagari Surajo. Ya tura itace kamar mai taka totur, madara ta tafaso ta kashe wutar.

"Sauka lafiya," in ji Inna.

Da yamma Ikilima ta rubuto: "Ka haƙura, Surajo. Ba ni da ƙarfin kuka."

"Madarata, ki ajiye min kujera gobe."

Ya dawo bayan sallar asuba, ya kuma dawowa. Fasinjan safe suka wuce shi, abokai suka laƙaba masa Oga Cuku. Ran nan ya cika tumfafiya, cukun ya yi ɗacin da ko akuya ta ƙi. Ikilima ta yi dariya har da hawaye, karo na farko da ya ji dariyarta.

A mako na uku, madara na kan wuta, wayarsa ta yi ƙara. Wani oga ne ke son shata zuwa filin jirgi. Surajo ya dubi wayar, ya kife ta a ƙasa. Can madarar ta tsinke, fari ya ware daga ruwa. Ya kwashe a ƙananan kwanduna ya miƙa wa Inna.

Ko taɓawa ba ta yi ba.

"Inna, ba ki ɗanɗana ba," in ji Ikilima.

"Ni ba cuku nake kallo ba, ƙafarsa nake kallo. Yau ba ta motsa ba." Ta juya gare shi. "Turo magabatanka."

An ɗaura aure bayan ƙaramar sallah. Inna ta haɗa hannayensu ta ce, "Allah ya ba ku zama."

Bayan kwana bakwai, ango da amarya suka zo da sassafe suka hura mata wuta. Rana ta fito, madara ta kama, Inna Lantana na ɗaki tana sharar barcin da ta yi shekara ashirin ba ta samu ba. Ba wanda ya tashe ta.