Randar Yaya Otar

Ana gobe ɗaurin auren Tsiala, rana ta yi ja za ta faɗi, mahaifinta Shalva ya buɗe randarta ya tarar giyar ta yi tsami. Tun ranar da aka haife ta ya cika randar da ruwan jan inabi, ya rufe bakin da falalen dutse, ya shafe da yumɓu, kamar yadda iyaye suke yi a ƙauyen: ba a buɗewa sai aure ya zo. Shekara ashirin da biyu yana yi wa mutane cika baki da ita. Kurɓa ɗaya ya yi ya tofar.

Shi kuwa Shalva ya gwammace a ce gidansa ya ƙone da a ce giyarsa ba daɗi. Ga surukan daga garin Telavi za su zo, mutanen da suke shanshana kofi kafin su gaisa da mai gida. Matarsa Eteri ta ce ya karɓo ta bara a wurin maƙwabci, ba wanda zai mutu. Ya ce ta bara ai ruwan yara ce. Ya ɗauki fitila da ludayi mai dogon mariƙi, ita kuma ta gane inda ya dosa.

"Maigida, ban da ta ƙuryar nan. Ka san mai ita."

"Mai ita ya shekara arba'in a ƙasa, Eteri. Giya ce, ba kabari ba."

Randar yayansa Otar ce, wanda kogin Alazani ya ci yana ɗan shekara tara. Har mahaifinsu ya mutu bai bari an taɓa ta ba.

Ɗakin giyar a ƙasa yake, matakala shida. Bakunan randunan da aka binne suna jere a daɓe. Wurin yana warin danshi da kakin zuma. Daga tsakar gida yana jiyo 'yan mata suna tsokanar amarya, tana dariya. Ya durƙusa a ƙurya, ya kankare yumɓun da wuƙa, ya ture dutsen.

Ƙamshin da ya fara tasowa sai da ya sa shi lumshe ido. Na biyun kuwa ƙarnin taɓon kogi ne.

Ya zura ludayin. Ya cika. Ya jawo, ludayin ya ƙi tasowa.

Wani abu ya riƙe shi daga ƙasa.

Harshen fitilar ya kwanta, alhali ko iska babu. Sanyi ya hau hannunsa har kafaɗa.

"Shaliko."

Muryar yaro ce, a shaƙe, kamar mai magana da ruwa a baki. Mutum ɗaya ne ya taɓa kiransa da wannan suna. Tsoro ya kama Shalva irin wanda bai taɓa ji ba. Ya so ya yi alamar gicciye, hannun ya ƙi motsi.

"An buɗe mini. Aurena ya zo ke nan?"

'Yan yatsu huɗu suka dafa bakin randar. Farare, sun yamushe. Jan ruwa yana ɗiga daga faratan.

A waje Tsiala ta sake kecewa da dariya. Yatsun suka tsaya cak.

"Ita ce amaryar tawa? Muryarta da daɗi. Kira mini ita."

Wasu huɗun suka dafa ɗaya gefen. Gashi jiƙaƙƙe ya fara bayyana.

An saki ludayin. Shalva ya ɗago shi da gaggawa, rabin giyar ta zube a gwiwarsa. Ya kai baki. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ɗanɗana irinta ba. Ya daure ya yatsina fuska.

"Ba ta nuna ba, Yaya," ya ce da raɗa. "Da saura. Ba a kai wa amarya ɗanyar giya."

Ɗis. Ɗis.

"Har yaushe?"

"Baɗi."

"Haka Baba yake cewa kullum," in ji muryar. Ta ja numfashi, ruwa yana ƙara a ciki. "To, baɗi."

Yatsun suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Shalva bai san yadda ya mayar da dutsen ba. Da rarrafe ya hau matakalar, ya faɗi a ƙafafun Eteri, bakinsa ja kamar wanda ya ci duka.

Da giyar maƙwabci aka yi bikin. Surukan suka yi ta yi masa shaƙiyanci, wani tsoho ma ya tambaya ko da ita suke wanke kwano. Shalva ya taya su dariya. Ranar ya sa aka tafi da Tsiala, ya kuma rantsar da mijinta cewa ba za ta ƙara kwana a gidan ba. Har yau yarinyar tana ganin laifi ta yi wa ubanta, abin yana cin ransa, amma bai faɗa mata ba.

Kowace shekara, a irin wannan yammaci, yakan sauka shi kaɗai, ya ɗanɗana, ya ce da saura. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Muryar yaron ta daɗe da komawa ta babban mutum.

Bana ya jima bai fito ba. Da ya hauro, ya zauna a matakala ta ƙarshe. Eteri ta tambaye shi ko an ƙara masa shekarar.

"An ƙara," ya ce. "Amma wai bakina ya tsufa. Baɗi shi zai ɗanɗana da kansa."