Ko da Ƙoda Ce

Malama na zaune a falo, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya ƙi shiga. Shekara biyu ke nan ƙodojinta sun daina aiki. Sau uku a mako ake ɗora ta a kan injin wankin ƙoda, amma kullum jiki sai ƙara lalacewa yake. Likita ya ce dashe ne mafita, gwaji kuma ya nuna ƙodar mijinta, Kafinta, ta dace da jikinta.

Daga kicin ta jiyo muryar surukarta ƙasa-ƙasa, tana yi wa Kafinta magana.

"Kai kaɗai gare ni. An ce idan ka keɓe da likita ka ce ka fasa, zai rufa maka asiri, ya ce ba ta dace ba. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Mama."

Tsohuwa ta fashe da kuka. Wallahi ba muguwa ba ce, tsoro ne irin na uwa, kuma Malama ta fi kowa gane haka. Da Kafinta ya fito Malama ta tare shi, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ka bi maganar Mama. Ban yarda a yanka ka saboda ni ba."

Ya durƙusa gabanta yana murmushi. "Yau dai ɗalibinki zai yi taurin kai. Da na ce komai nawa naki ne, kin zaci kujeru nake nufi? Ko da ƙoda ce."

Abin burgewa, ko sau ɗaya bai ɗaga wa uwarsa murya ba. Lallashi ya yi ta yi, har ta yarda ya kai ta wurin likita. Ta yi tambaya sai da bakin bawan Allah ya bushe. Ya faɗa mata gaskiya: aiki ba ya rasa haɗari, amma mai lafiya yakan rayu da ƙoda ɗaya, in yana zuwa ana duba shi. Kwana tara Mama tana ta nazari. A na goma ta dafa kan ɗanta ta ce, "Je ka, Allah ya yi muku albarka."

Bayan an yi aikin, Malama ta farfaɗo ta tarar da surukarta ta ƙura wa wata jaka ido a gefen gado.

"Mama, me kike kallo?"

"Fitsarinki, 'yar nan. Nas ta ce in yana zuba, ƙodar ta kama. Ga shi har jakar ta kusa cika. Tunda nake ban taɓa gode wa Allah a kan fitsari ba sai yau."

"Shi fa?"

"Lafiya lau, yana can ya ishi kowa da tambayarki." Ta share hawaye, ta kama hannun Malama. "Ni ce dai na rasa gadon da zan zauna. Ɗana yana can, kuma yana nan a jikinki."

Soyayyar ƙwarai ba ta tsallake uwa, haƙuri take yi har uwa ta sa mata albarka.