Saƙon da Ya Shiga Wayar Baba

Ranar da Auta ta fara koyon aiki a sashen kwamfuta na wani babban banki, ko zama ba ta gama yi ba aka yi mata maraba da abin kunya. Ta tashi karɓo katin shiga, ta bar kwamfutarta a buɗe. Tana dawowa ta tarar kowa sai godiya yake mata.

"Allah ya ƙara arziki, baƙuwarmu! Ni da madara nake sha."

Ta duba allon, sai ga saƙo an tura wa duk 'yan sashen da sunanta: "Ni ce sabuwar ɗaliba. Shayin kowa na gobe a wuyana yake."

Wani saurayi a teburin gefe yana ta danne dariya, biro a hannunsa na hagu. Bahago ake ce masa, ƙaramin ma'aikaci ne da ba a kai ga tabbatar da shi ba.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, amma ba ƙeta ba ce," in ji shi. "Al'adar sashen ce, duk wanda ya tashi bai kulle kwamfutarsa ba, haka ake masa. A nan abin da aka yi da sunanki, ke kika yi. Gara ki koya a kan shayi."

Ta harare shi, ya yi murmushi, hararar ta kasa kai labari.

Auta tana shekarar ƙarshe a jami'a, kuma sai bankin ya sa hannu cewa ta kammala koyon aiki lafiya za a ba ta digiri. In ba haka ba, sai ta maimaita shekara. Da ƙyar Baba ya bar ta ta zo. Tsohon tela ne, ya ɗinka rigunan mutane har idonsa ya raunana don ta yi karatu, kuma a bankin yake ɗan ajiyarsa.

Aikin da Madam, shugabar sashen, ta ba ta shi ne kula da manhajar da ke tura wa masu ajiya saƙo a waya. Shafi biyu gare ta. Mai koren kai na gwaji ne, duk abin da aka rubuta a ciki wayar Auta kaɗai yake zuwa. Mai jan kai kuwa na gaske ne, ba a barin ɗalibai su taɓa shi.

Bahago ya gano amfanin koren shafin. In ta manta ba ta kulle ba, sai wayarta ta yi ƙara tana hanya.

"Gwaji. Autar Baba, kin ci abinci kuwa, ko lambobi kika ci?"

Wani lokaci kuma: "Gwaji na biyu. Tun safe ba ki kalli teburin hagu ba. Ana fargabar matsala ce daga injin."

Ita ma takan mayar: "Injin lafiyarsa lau, Bahagona. Mai teburin ne ya cika surutu."

Daga nan mantuwar Auta ta yawaita, kuma wanda ya ce duka mantuwa ce bai san soyayya ba. Wani ɗalibi da suke kira Ɗan Gata, wanda kawunsa babban darakta ne a bankin, ya yi ta kawo tayin kai ta gida a mota. Ita kuwa ta fi son tsayuwar jiran lif, na'urar hawa bene, tare da Bahago.

Saura kaɗan ta gama, manhajar ta sami matsala. Madam ta buɗe mata jan shafin don ta duba, ta kuma cire matakin amincewar da ke tare saƙo kafin ya fita, sai an gama gyara. Ana cikin haka aka kira su ofishin sama, Auta ta bi Madam da sauri da littafi a hannu.

Bahago ya kwana biyu yana juya wata magana a ransa. Ya ga kujerar Auta ba kowa, ya ga allo a buɗe, idonsa bai kai kan launin shafin ba. Ya rubuta ya tura:

"Auta, yau ba gwaji ba ne. Na gaji da sallama a bakin lif. Ki ba ni izini in zo gidanku in gai da Baba."

A kan matattakala wayarta ta yi ƙara. Ta karanta, ta dafe ƙirji don daɗi. Sai ta ji wayar Madam ta yi ƙara, ta mai shara ma ta yi, ta maigadi ta yi. Kafin su shiga sashen, duk wayoyin teburi sun ɗauki ruri, masu ajiya suna tambaya ko ɓarayi ne suka shiga bankin.

Madam ta duba, ta ga da sunan Auta aka tura saƙon. "Wa ya rubuta wannan?"

Auta ta dubi teburin hagu. Bahago ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi komai yi mata ciwo.

"Ni na bar ta a buɗe, Madam."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba." Da Madam ta ga Auta ba za ta ƙara magana ba, sai ta miƙa hannu. "Kawo katinki. Kwamiti zai zauna jibi. In ba ki kawo suna ba, sa hannun nan ki manta da shi."

A gida ta tarar da Baba a kan tabarma, gilashi a ido, waya a hannu.

"Auta nawa ne a bankin nan naku?"

"Baba, ka yi haƙuri…"

"Maƙwabcina ya samu. Mai kantin zare ya samu. Karatu na tura ki ko tallar kanki? Wane ne shi?"

Ta fashe da kuka, ba ta faɗa ba. Umma ce ta ja ta ɗaki tana cewa, "Malam, a bari ta sha ruwa tukuna."

Washegari saƙon Ɗan Gata ya shigo: "Kalma ɗaya zan gaya wa kawu a rufe maganar. Ke dai ki rabu da wancan matsoracin." Ta goge. Ta rubuta wa Bahago: "Ba zan faɗi sunanka ba, na san kai ke riƙe da mahaifiyarka da ƙannenka. Amma ban taɓa zaton za ka bar ni tsaye ni kaɗai ba." Alama ta nuna ya karanta, amsa kuwa ba ta zo ba.

Gaskiya tsoro ne ya kama Bahago, ba wani abu ba. Ƙarshen watan za a tabbatar da shi a aiki, gida kuma kowa shi yake kallo. Ya rubuta amsa ya goge har yatsunsa suka gaji.

Ranar kwamiti, Auta na zaune gaban mutum uku masu fuska a murtuke. An sake tambayarta, ta sake cewa laifinta ne. Shugaban ya ja takarda zai rubuta hukunci, sai aka ƙwanƙwasa. Bahago ya shigo, ya cire katinsa daga wuya ya ajiye a teburi.

"Ranka ya daɗe, ni na rubuta, ni na tura. Ita ko sani ba ta yi ba. Ya kamata in faɗa tun ranar, tsoro ya hana ni."

A ranar aka sallame shi. Ita aka yi mata gargaɗi mai zafi, amma aka sa mata hannu.

A bakin ƙofar bankin ya tare ta, kwalin kayansa a hannu. "Sanyin idona, ki yafe mini."

"Saƙon ban riƙe ka da shi ba," ta ce, hawaye na zuba. "Shirun ne."

"Na sani."

"To ka ba ni lokaci."

Ita ta huce kafin Baba. Baba cewa ya yi wanda ya raba sunan 'yarsa a wayoyin duniya, ga shi ba aikin yi, kada ya tako masa ƙofa. Bahago ya sami aikin kula da kwamfutocin wata makaranta, albashin bai kai rabin na da ba. Duk ƙarshen mako sai ya zo ya yi sallama, a ce Baba na hutawa, ya ce a gaishe shi, ya juya. Har Auta ta karɓi digirinta ana haka.

Umma ce ta gaji. "Malam, yaron nan da ya yi shiru, da yanzu yana ofis yana shan sanyi, 'yarka na maimaita shekara. Ya sayar da abincinsa ya sayo mata nata. Me kuma kake nema?"

Makon ya zagayo, aka ce ya shigo. Ya durƙusa nesa da tabarma. Baba ya daɗe yana dubansa.

"Wa ya tilasta ka ka je ka faɗa?"

"Babu kowa, Baba."

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Rashin zuciya."

Baba ya gyaɗa kai. "Da ka kawo mini uzuri, da ka fita ta inda ka shigo. Je ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure, Madam ta zo da 'yan sashen kaf. Da jama'a suka ragu, Baba ya kira ango da amarya ɗakinsa. Ya kama hannun Auta ya daɗe bai saki ba, sannan ya dubi Bahago.

"Na yafe maka komai. Abu ɗaya nake roƙo: ka taɓa barinta ta tsaya gaban mutane ita kaɗai. Ni na tsufa, ba kullum zan kasance ba. Kada ka ƙara."

"Da yardar Allah ba zan ƙara ba, Baba."

Baba ya ɗora hannunta a kan nasa. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ku tashi ku tafi, kafin in yi abin kunya gaban suruki."