Baƙa ko 'Yar Soja

"Ashe Baƙa za ka ɗauka!"

Saude ba ta ko amsa sallamarsa ba. Tana tsaye a bakin zauren gwaggonta Indo a Madawa, ta damƙe gefen mayafinta, idanunta sun yi jajir.

Surajo ya tsaya cak.

"Wa ya hwaɗa maki?"

"Mutari! Da bakinshi. Wai ya bar maka ita saboda Allah, shi ya haƙura da 'yar soja."

"Ban ce komi ba tukuna, Saudena. Sai Juma'a..."

"Bakinka bai ce ba, idonka ya ce! Jiya na hange ka kana goge ta da hannun rigarka kamar wanda aka yi wa haihuwar fari."

Surajo ya sunkuyar da kai, don gaskiya ta faɗa.

Shekara uku ke nan da ya dawo daga yaƙin Jamus, inda ya koyi tuƙi, yake jan tsohuwar motar Alhaji Takawa, attajirin fata da auduga. Motar nan ce ta mutu masa wata rana a Karofane, ya je neman ruwa a rijiya, ya tarar da Saude. Yanzu motar ta mutu gaba ɗaya, Alhaji ya sa aka kawo masa wasu biyu daga Kano. Ɗaya baƙa wuluk, doguwa, cikinta kusa da ƙasa, ita za ta riƙa kai Alhaji tsakanin Maraɗi da Kano, kuma direbanta can Maraɗi zai zauna. Ɗayar gajera ce, ragowar yaƙi, shi ya sa ake ce mata 'yar soja, ba ƙofa ba rufi, ita za ta bi ƙauyukan Adar, Karofane, Buza, Kaita har Tamaske, kowane mako. Alhaji ya ce Surajo ne babba a aiki, shi zai fara zaɓa. Wadda ya bari ta Mutari ce, ɗan ƙanwar Alhaji.

Mutari kuwa sau biyu yana aika goro gidansu Saude ana mayar masa.

"Ka san abin da Baba ya ce," in ji Saude. "Ba shi ƙara ba da ɗiya inda in ta yi tari ba za ya ji ba."

Ya sani. Yayarta Rabi an aurar da ita ga wani ɗan cin rani, ya tafi da ita kudu. Ta rasu wurin haihuwa, labari bai iso Karofane ba sai bayan wata bakwai. Tun ranar, ko kasuwar Buza Saude ta je, mahaifinta Malam Tsoho yana zaune bakin hanya har ta dawo.

"Ni ban san mi kake gani gare ta ba," ta ce. "Ƙarfe ne fa!"

"Ba ki taɓa shiga ba."

"Allah shi tsare!"

"Ki shiga sau ɗaya, hasken idona. Ke da Gwaggo. In kin fito ki ce mani ƙarfe ne."

Daga cikin gida Gwaggo Indo ta ɗaga murya: "Ni ban gaji da duniya ba, ɗan nan! Ku ƙyale ni da kaɗin abawata!"

Amma da hantsin washegari tana zaune a kujerar baya, ta riƙe carbi da hannu biyu, Saude na gefenta. Surajo ya bi hanyar Ƙonni a hankali har suka bar gari. Gonaki an gama girbi, sai kara a tsaye. Hanya ta miƙe, ba jaki ba raƙumi.

Ya taka.

Baƙa ba ta yi kuka ba. Wani gurnani ta yi can ƙasa, ta kwanta ta miƙe. Itatuwan gawo suka fara gudu baya. Iska ta fizge kallabin Gwaggo.

"Innalillahi! Surajo, don darajar uwarka! Na yafe, na yafe wa kowa!"

Saude ta runtse ido. Can ta buɗe ɗaya. Ta buɗe ɗayan. Ba ta san lokacin da dariya ta kuɓuce mata ba.

"Ƙara!"

"Mi kika ce?"

"Na ce ƙara mana!"

"Ke 'yar banza!" Gwaggo ta kai mata duka. "Maita gare ki?"

Da suka tsaya gindin wata tsamiya, Gwaggo ta fita da rarrafe tana neman ƙasa. Saude ba ta motsa ba. Dariyar ta tafi. Ta ga fuskar Surajo lokacin da motar ke gudu, kuma ba ta taɓa ganinsa haka ba, ko ranar da ta fara amsa masa.

"Ɗauke ta," ta ce a hankali.

"Saude..."

"Na ce ka ɗauke ta. Ba ni zama matar da ta raba ka da wagga. Kullum ka ji ta wuce a hannun wani, sai ka juyo ka dube ni. Wannan kallon ba zan iya da shi ba."

Ta jira ya ce a'a.

Bai ce komai ba. Hannunsa na kan sitiyari.

Ranar Alhamis da la'asar sai ga Malam Tsoho a kan jakinsa. Saude ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa. Kafin ya sha, sai da ya kama hannunta ya dudduba.

"Kin rame. Zazzaɓi kika yi? Indo, mi kuke ba ta?"

"Ci take kamar gara, yaya. Kai dai mi ya kawo ka?"

"Mutari ya aiko. Wai Alhaji na son in duba mashi dabbobin ƙarfen nan, in hwaɗi wadda ta fi."

Nan take Saude ta gane dabarar. Duk Adar an san Malam Tsoho dillalin dawaki. Daga Kaita ake zuwa ɗaukarsa ya duba doki, don abu ɗaya: bai taɓa kiran gurgu mai lafiya ba, ko dokin ƙanensa ne. Mutari ya san haka. In Malam Tsoho ya ce Baƙa ta fi, gaban Alhaji da jama'a, wane direba ne zai ɗauki ta baya bai zama abin dariya ba?

"Baba," ta ce, hawaye na zuba, "ka ce 'yar soja ta fi."

"In ta fi, zan ce."

"Ko ba ta fi ba! Ni na ce mashi shi ɗauki Baƙa, amma bakina ne ya ce, Baba... zuciyata ba ta yarda ba."

Tsohon ya ajiye ƙoƙon ruwan.

"Yaron nan ya kwanta mani, Saude. Ya fi Mutari nesa. Amma shekara talatin ban yi ƙarya kan dabba ba."

"To ka bar ni in bi shi Maraɗi!"

Ya girgiza kai.

"Wannan kam ba ni iyawa, uwata. Allah ya sani ba ni iyawa."

Bayan an sauko Juma'a, jama'a suka cika ƙofar gidan Alhaji. Motocin biyu na tsaye gefe da gefe. Saude da Gwaggo suka laɓe bayan zanan maƙwabta, suna leƙe ta tsagar kara.

Mutari ya sha babbar riga, yana ta zagaya Baƙa.

"Ku dubi kaya! Wagga ai ta manya ce. Ni mi gare ni da zan hau ta? Sai dai yayanmu Surajo, da ya ga Faransa da idonshi!"

Malam Tsoho ya cire takalmi, ya naɗe hannun riga. Ya zagaya kowace sau uku. Ya ƙwanƙwasa ƙafafunsu da sanda. Ya durƙusa ya leƙa cikinsu, har rawaninsa ya taɓa ƙasa.

"Buɗe mata baki."

Aka kwashe da dariya. Surajo bai yi ba, ya ɗaga marfin gaba. Tsohon ya leƙa, ya shinshina, ya sa aka tashe su ɗaya bayan ɗaya, ya manna kunne a jikin kowace yana jin numfashinta. Dariya ta fara raguwa.

"Sukuwa. Daga nan zuwa kukar can, ka dawo, ka tsai da ita gabana."

Surajo ya yi da 'yar soja. Ta tafi tana tsalle tana ɓaɓatu, ta dawo ta tsaya. Ya yi da Baƙa. Kafin mutane su gama juya wuya ta kai, ta juyo, ta tsaya daidai yatsun Malam Tsoho ko girgiza babu.

Jama'a suka juyo ga tsohon.

"To, Malam?" in ji Alhaji.

Saude ta damƙe hannun Gwaggo har tsohuwar ta yi ƙara.

Malam Tsoho ya nuna 'yar soja da sanda. "Wagga ƙuru ce, irin gajeren dokin nan. Ƙarfin ƙirji gare ta, ƙafa mai kyau, ba ta zaɓen hanya." Ya juya ga ɗayar. Ya share fuska da gefen rawani. "Wagga kuwa... akawal ce, baƙin doki, tun da nike ban ga kamarta ba. Ita ta fi. Ko makaho aka kawo, ita ta fi."

"Allahu akbar!" Mutari ya tafa. "Kun ji daga bakin mai gaskiya!"

Tsohon ya juya yana neman takalmansa. Sau biyu yana zura ƙafa tana kuskurewa.

Saude ta zame ta zauna a ƙasa.

"Baba."

Muryar Surajo ce. Ya zo ya durƙusa, ya gyara wa tsohon takalmin.

"Bara na gan ka a kasuwar Buza kana duba wa wani Buzu doki. Kafin ka taɓa dabbar, sai da ka tambaye shi inda za ya riƙa hawanta. Sunka ce mani haka kake yi wa kowa. Ni ba ka tambaye ni ba."

Malam Tsoho ya kawar da kai.

"Tsoron amsar na ji, ɗana."

"Tambaye ni yanzu."

Tsohon ya juyo.

"Ina... ina za ka da ita?"

"Karofane. Kowace Laraba, in Allah ya yarda, har in tsufa. Da kaya, da matata in ta so ganin gida. Hanyar nan ka fi ni saninta, dutse ne da ƙorama. Wace ka ba ni?"

Tsohon ya dubi yaron. Ya ɗaga sanda ya buga a jikin 'yar soja da ƙarfi har ƙarfen ya amsa.

"Ƙuru! Wallahi ƙuru! Wanda ya kai akawal Karofane ya kashe ta!"

Gwaggo Indo ta manta da laɓewa, ta rangaɗa guɗa daga bayan zana.

"Kawu, ba haka aka yi ba!" Mutari ya yi tsalle. "Malam ya ce Baƙa ta fi!"

Alhaji Takawa yana dariya har yana riƙe ciki.

"Ta fi mana. Kwana bakwai kana yabonta har kunnena ya yi zafi. Ga ta, ka samu. Shirya kayanka, jibi muna Maraɗi."

Da yamma Surajo ya yi sallama a zauren Gwaggo. Wannan karon Saude ta amsa, har da durƙuso.

"Ka tabbata?" ta ce. "Kar ka yi mani ƙarya."

"Zan yi kewarta. Gaskiya ke nan." Ya zauna bakin dakali. "Gindin tsamiyar nan na yi shiru don ban san amsa ba. Yau na ga mutum ya yanka kanshi da bakinshi don kar ya cuce ni. Kuma ni baƙo ne gare shi, Saude! Uba irin wanga ba a tafiya Maraɗi a bar shi."

"Au! Ashe Baba ka zaɓa, ba ni ba?"

"Ke ai tun bakin rijiya aka gama zaɓenki, farin watana."

Ta rufe fuska da mayafi, tana dariya tana kuka.

"Na gode... Allah shi saka maka. Na gode, Surajo."

An ɗaura aure kafin azumi. Larabar farko bayan buɗar kai, 'yar soja ta tsaya ƙofar gidan Malam Tsoho a Karofane. Ya riga ya fito bakin hanya tun hantsi. Ya duba hannun 'yarsa, ya duba idonta, ya ɗaga hannu sama ya daɗe yana godiya ga Allah, bai damu da masu kallo ba.

"Baba, kasuwar Buza za mu," in ji Saude. "Hau mu kai ka."

"Ni? Jakina ya ishe ni."

"Haba, Baba! Kai ka zaɓa mana ita."

Da ƙyar ya hau gaba, ya riƙe ƙarfen kujera da hannu biyu. Tun daga ƙofar gida yake faɗa. A hankali! Ga akuya! Ga rami! Surajo, ɗiyata na baya fa!

Suka iso gindin tudun duwatsu, inda jakuna ke tsayawa su huta. Surajo ya canja mata giya. 'Yar soja ta yi kururuwa, ta kafa ƙirji, ta fara hawa tana watsa tsakuwa, dutse bayan dutse, ko jinkiri babu. Saude na ihun murna a baya. Da suka kai sama, fadama ta buɗe a gabansu, hanya ta miƙe fetal.

Malam Tsoho ya daina faɗa. Ya waiwaya ya ga 'yarsa lafiya lau, tana haƙi tana dariya. Ya saki ƙarfen da hannu ɗaya, ya danne rawaninsa.

"Ɗana."

"Na'am, Baba."

"Ɗan sake mata linzami mu gani."