Wuyan Jitar Baba Pindar

Ranar Lahadi da safe, saura minti ashirin a fara sujada, Florence ta zaro jitar mahaifinta daga jakarta a ɗakin ajiyar coci, sai ga wuyan a tsage, tun daga ƙasan kai har kusan tsakiya. Baba Pindar ya miƙo hannu ya shafa, yatsansa ya faɗa cikin tsagar. Shekararsa goma sha biyu da makancewa, kuma jitar nan ita kaɗai ya fito da ita ranar da suka gudo daga ƙauyensu.

Kafin a tashi sujada dattawan coci sun gama shari'a. Wai tsohon ne ya yar da ita, hannunsa ya fara rawa, a sallame shi daga ƙungiyar mawaƙa ya je ya huta. Hutun me? Mutumin da in aka raba shi da kiɗa, babu abin da ya rage masa sai tabarma da bango.

Fasto ne ya ce a dakata a kira Madu tukuna. Madu kafinta ne a bayan Kasuwar Litinin, Babarbare mai ƙarancin magana da yawan kallo, kuma shi ke duba jitar tun zuwansu Maiduguri.

Washegari ya zo da gam da ƙarfen matsi. Ya juya jitar sau biyu, ransa ya ɓaci. In jita ta faɗi, kanta ke fara cin ƙasa ya yi tabo, wannan kuwa ko ƙwarzane babu. Jingina ta aka yi da bango aka taka wuyan. Sannan wayoyinta shida duk a sake suke.

"Baba, kai ka sassauta wayoyin ranar Asabar?"

Tsohon ya ce kullum yakan sassauta su bayan kiɗa, don zafin garin nan yana lanƙwasa wuyan jita. Amma ban da Asabar, saboda safiyar Lahadi babu lokacin saiti. A ɗaure ya bar su.

Mutum uku ke riƙe da makullin ɗakin: Ishmael maigadi, da Thomas mai kaɗa piyano, da Florence mai yi wa mahaifinta jagora. Madu ya matse wuyan da ƙarfe, ya ɗan ɗaure siririyar waya, ya sa aka shigo da su ɗai-ɗai. Ba dogon turanci, kowa ya zo sai ya ce ya taya shi sassauta wannan wayar.

Ishmael ya tsaya yana kallon maɗauran wayoyin guda shida, bai ma san wanne ke jan wacce ba. Ya rantse shi tsoron taɓa kayan kiɗa yake. Madu ya sallame shi.

Thomas ya shigo yana hura hanci. Duk coci an san ya daɗe yana cewa kiɗan tsohon ya tsufa, kuma bai musa ba.

"Ina kake ranar Asabar da yamma?"

"Nan. Ni na kulle ɗakin."

Ya kama maɗaurin ya murɗa yadda kowane makaɗi zai murɗa. Wayar ta yi ƙara tana neman tsinkewa, ya saki da sauri yana zagin wanda ya ɗaura ta a baibai. Madu ya so a ce shi ne, don yaron ba shi da kunya. Amma ba shi ba ne.

Florence ta shigo ta durƙusa ta gaishe shi. Ko kallon jitar ba ta yi ba, hannunta ya je ya murɗa ta ɗaya gefen, murɗa biyu cif, wayar ta saki.

Madu ya aika aka kira fasto da Baba Pindar, ya yi bayani. Tsohon bahago ne, kuma shi Madu da kansa ya naɗa wayoyin a juye yadda hannun hagu zai ji daɗi. Duk baƙon hannu sai ya ɗaure a wurin sassautawa. Da an taka wuyan wayoyi na ɗaure, da ya ɓalle gaba ɗaya da ƙarar da maigadi zai ji. Wanda ya yi aikin ya sassauta kowace waya murɗa biyu, yadda aka koya masa a gida tun yana ƙarami.

Florence ba ta yi kuka ba.

"Ni ce. Shekara sha biyu ni ce sandarsa. Keke Napep uku zuwa, keke uku komawa, sau huɗu a sati. An kira ni makarantar aikin jinya, Baba ya ce wa zai kawo shi coci. Mai nemana ya jira har ya gaji ya auri ƙawata, Baba ne ma ya yi musu kiɗan biki, ni na riƙe masa jaka. Na ce in sun sallame shi, ko na samu in yi numfashi."

Fasto ya sunkuyar da kai. Madu ya ji tausayinta har cikin ransa, ya kuma ji haushin kansa. Ya kwance ƙarfen matsin, ya buɗe tsagar da bakin wuƙa, ya ɗura gam har ya tsattsafo, ya matse, ya goge da ɗanyen tsumma.

"Madu, za ta gyaru?" in ji tsohon.

"Za ta gyaru, Baba. Kwana biyu gam ya kama."

Baba Pindar ya gyaɗa kai. Bai zagi Florence ba, bai tambaye ta komai ba. Ya miƙe tsaye, ya miƙa hannu cikin iska daidai inda kafaɗarta ta saba kasancewa, ya jira.

"Tashi mu je. Laraba ƙarfe huɗu akwai koyon waƙa, kada ki sa mu makara."